Baƙin Kano da Baƙin Madina

A Tsauni da sauran garuruwan ƙasar Kance, fita waje ba baƙon abu ba ne. Da an gama girbi, an ɗaure dammunan gero an zuba a rumbu, samari sun kama hanyar cirani, wasu Nijeriya, wasu Agadas, wasu har Libiya. Mata da yara kuwa sun daɗe suna bin hanyar Aljeriya, kuma babu wanda ya manta da watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, ƙishirwa ta kashe su, akasarinsu mata da ƙananan yara daga wannan yanki. Duk waɗannan matafiya jiransu ake yi a gida, ba a bin sawunsu don a ga yadda suke zaune. Mutum ɗaya ne ake ɗaura kaya a tafi wurinsa da sunan ziyara, shi ne ɗalibi. Ran da iyaye suka sauka a garin da yake karatu, yaron da jiya ake aikensa sayen goro ya zama mai masauki. Shi zai tarbe su, shi zai san abin da za su ci, shi zai zaga da su gari.

Ƴaƴan Nijar suna karatu a Maroko, da Aljeriya, da Masar, da Turkiyya, da Sanagal. Sai dai manomin Tsauni ba ya da kuɗin jirgi da biza don kawai ya je ya ga ɗansa a Rabat. Birane biyu ne irin wannan ziyara take faruwa da gaske. Na farko Kano, saboda kusa take. Na biyu Madina, saboda ko babu ɗalibi a can, addini zai kai mutum in Allah ya hore masa. Baƙuncin biyu sun bambanta ƙwarai, kuma a ganina mutanenmu sun ɗaukaka ɗaya sun raina ɗaya, alhali wanda aka raina ɗin ya fi amfanar karatun yaro.

Kano ƙasar waje ce a takarda kawai. Daga Matamai ka bi ta Ɗan Barto, ka ƙetare a Kwangwalam, ka ratsa Daura da Kazaure, ba ka cika kilomita 200 ba ka shiga birni. Yamai kuwa, babban birnin ƙasarmu, tana da nisan kusan kilomita 900 daga Damagaram. Uwar da ta yi sammako daga Tsauni tana iya sallar azahar a Kano. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, gaisuwa ɗaya, ga gidaje da yawa suna da nasu a Kurna, ko Rijiyar Lemo, ko Fagge, ko kasuwar hatsi ta Dawanau. Don haka maganar wurin kwana ba ta tayar wa ɗalibi hankali. Akwai gidan kawu, akwai gidan gwaggo, kuma su ma za su yi fushi idan aka ce an zo Kano an kwana a otal.

Abin da ya fi burge ni a ziyarar Kano shi ne baƙo ne ke ciyar da mai masauki. Ɗalibin Jami'ar Bayero da ya kama ɗaki a Ɗanbare ko Rijiyar Zaki, kusa da sabuwar harabar da ke kan hanyar Gwarzo, yakan kwana yana lissafin abin da zai kashe. Yana so ya kai mahaifiyarsa gidan abinci mai fanka da kujeru, ta ci soyayyar shinkafa da kaza, ta san ɗanta ya waye. Ita kuwa tana shiga ɗakin, kafin ta gama amsa gaisuwa, idonta ya riga ya zaga: ta ga tukunyar, ta ga ƴar katifar, ta ga galan ɗin ruwa, ta dubi wuyan yaron. Sai ta jawo buhu ta kwance bakinsa. Ga garin gero, ga ƙuli-ƙuli, ga man gyaɗa a gora, ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga soyayyar fara a leda, ga rake an daddatse.

"Wannan daddawar gwaggonka ce ta ce a kawo maka. Kai, ka rame. Ba ka cin abinci ne?"

"Ina ci, Inna. Ki tashi mu je ki ci wani abu, akwai wuri mai kyau nan bakin titi."

"Nawa suke sayar da kwano?"

Yana faɗa mata, ta kama haɓa. "Wannan ai kuɗin tiyar gero ne. Miƙo mini tukunyar nan."

Kafin la'asar ta tuƙa tuwo a kan ɗan risho, ta kaɗa miya, abokan zamansa ƴan Jigawa da Bauci sun zagaye kwano suna ce mata Inna kamar tasu. Ta san fuskokinsu, ta ji sunayen garuruwansu, ta gane wane ne mai natsuwa wane ne mai rawar kai. Wannan sani, waya ba ta bayar da shi. Daga baya da dare a fita a sayi gurasa da tsire, ko a bar shi sai safe a ci waina da miyar taushe, a ce an ci abincin Kano. Kuɗin ma bai taka kara ya karya ba, musamman tun da naira ta faɗi daga 2023, har jikka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000 a shekarar 2024. Baƙon da ya zo da ƴan jikkuna a aljihu ya fi ɗalibin ƙarfi.

Yawon gani a Kano ba ya da wuya. A hau a-daidaita-sahu a je Dutsen Dala, mai ƙarfin gwiwa ya taka matattakala ya hango tsohon birni da Goron Dutse da hasumiyoyin masallacin Juma'a. A biya Gidan Makama a ga kayan tarihi, a wuce ta ƙofar fadar sarki, a shiga Kasuwar Kurmi wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15. A marinar Ƙofar Mata dattijon Damagaram ba ya buƙatar bayani, domin ya san baƙin rini mai sheƙi tun yana yaro a kawunan Buzaye. Yara kuwa Gidan Zu suke so. Wanda ya yi sa'a ziyararsa ta faɗo a Sallah, ya ga Hawan Daushe da Hawan Nasarawa idan an yi su. Amma a gaskiya iyaye ba sa ɗaukar wannan yawo da muhimmanci. Uban ya san Kano tun kafin a haifi yaron, ya sha kai wake da riɗi Dawanau. Wani lokaci ma shi ke nuna wa ɗalibin hanya a lungunan Kurmi.

Nan ne raunin ziyarar Kano yake. Saboda garin ba sabo ba ne, da wuya a zo don yaron kaɗai. Ana zuwa haɗa kayan ɗakin amarya, ko sarin atamfa a Kantin Kwari, ko kayan masarufi a Singa, ko a kawo maras lafiya ganin likita, sai a ce bari a biya a ga wane. Ɗalibi ya koma ɗan rakiya da ɗan dako. Ya bar aji ya bi layin karɓar kati, ya yi tafinta da Turanci, ya tsaya gadin kaya a bakin shago. Kwana biyu sun wuce, baƙi sun koma, babu wanda ya taka ƙofar makarantar, babu wanda ya tambayi sunan malami ko guda. Kuma tun da hanya a buɗe take, wannan na tafiya wani na zuwa. Sai lokacin da aka rufe iyaka ake sanin darajar kusancin: daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, lokacin da takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya datse hanya, ba a sake buɗe ta ba sai Maris 2024. A waɗannan watanni iyaye da yawa sun gane cewa Kano ma tana iya yin nisa.

Madina kuwa wata duniya ce. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka buɗe a 1961, akasarin ɗalibanta baƙi ne daga ƙasashen duniya, tana ba su wurin kwana da alawus na wata da tikitin zuwa gida. Mutanen wannan bakin iyaka sun san ta tun ba yau ba. Marigayi Shaikh Ja'afar Mahmud Adam, haifaffen Daura, wanda kasa-kasan tafsirinsa suka shiga kowace kasuwa a Damagaram da Maraɗi, a can ya yi karatu. Don haka idan aka ce ɗan wane yana Madina, gari duka ya ɗauka nasa ne.

Mai zuwa Madina daga Tsauni ya yi shekaru yana tari. Kujerar aikin hajji a Nijar ta haura sefa miliyan 3 a ƴan shekarun nan, kuma kujerun da Saudiyya ke ba ƙasar ba su cika 16,000 ba. An sayar da sa, an sayar da tumaki, wataƙila an jinginar da gona. Tsohon da bai taɓa hawa jirgi ba ya sauka a ƙasar da ba ya jin maganar ɗan sanda, ba ya iya karanta allon hanya, ƙofofin masallaci kuma suna da yawa har an ba su lambobi. A nan ba ya da kawu ba ya da gwaggo. Yaron nan shi ne bakinsa, shi ne idonsa. Shiga Rauda yanzu sai da izinin da ake cirowa ta manhajar Nusuk a waya, kuma dattijuwar da ko lambar waya sai an danna mata, ɗalibi ne zai tsaya ya nema mata lokaci. Idan ƙafa ta kumbura, shi zai kai ta wurin likita ya yi bayani da Larabci. Idan wani ya ɓace bayan sallar isha'i, wayarsa ce za ta yi ƙara.

Amma ladan wannan wahala yana fitowa a fili ranar ziyara. An ɗauki mota tun da sassafe an je Masallacin Ƙuba, masallaci na farko da aka gina a Musulunci, an yi nafila. An biya Ƙiblataini, an wuce ta wurin yaƙin Handaƙ. Sai a isa Uhudu. Ɗalibi ya riƙe hannun mahaifinsa suka hau ɗan tudun maharba, ya juya ya nuna masa da yatsa: ga inda Musulmi suka ja daga, dutsen yana bayansu, nan inda muke tsaye Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu ya ce kada su sauka, ta can Khalidu ɗan Walidu ya zagayo da dawakai da ya ga yawancinsu sun bar wurin, waccan katangar kuwa, a cikinta Sayyidina Hamza yake kwance tare da shahidai kimanin 70. Uban ya sha jin wannan labari a wa'azi tun yana saurayi, amma yau yana tsaye a kan ƙasar, kuma ɗan cikinsa ne ke ba shi da Hausar gida. Kafin yaron ya gama, tsofaffi daga wasu ayarori sun matso, na Katsina, na Tawa, na Kumasi, kowa ya kasa kunne. Wani ya tambaya, wannan malamin daga ina? Uban ya gyara tsayuwa ya ce, "Ɗana ne. A nan yake karatu."

Babu abin da Kano za ta iya bayarwa da ya yi kama da wannan. Dutsen Dala ba shi da alaƙa da abin da ɗalibin kimiyyar haɗa magunguna ko lissafi yake koya. A Madina kuwa yawon shi ne darasin. Sira da tarihi da Larabcin da aka turo yaro ya koya, su ne yake shimfiɗa wa iyayensa a gabansu, su ga inda shekarunsa suka tafi. Duk wanda ya ce wannan ƙaramin abu ne bai san zuciyar uba ba.

Akwai kuma wata jarrabawa da ba a cika faɗa ba. Dattawanmu da yawa ƴan ɗariƙa ne, Tijjaniyya ko Ƙadiriyya, sun zo da shauƙi da irin ladubban ziyara da suka gada daga malamansu. Yaron kuwa an karantar da shi a makarantar da take kallon wasu daga cikin waɗannan abubuwa da wani ido. A gaban kabarin Annabi, ko a maƙabartar Baƙi'a, ko lokacin da tsoho ya sunkuya zai ɗebi ƙasar Uhudu ya ƙulle a gefen riga, nan ake gane ko ɗalibin ya sami ilimi tare da ladabi. Wanda ya daka wa mahaifinsa tsawa a bainar jama'a ya zubar da abin da ya fi wanda yake son karewa. Wanda ya jira aka koma masauki, ya durƙusa ya ce, "Baba, ga abin da malamanmu suka karantar da mu, ga hujjarsu, kai ma ka fi ni sanin naku," ko bai sauya ra'ayin tsohon ba, ya bar ƙofar magana a buɗe. Gidaje sun rabu a kan abin da bai kai wannan ba, kuma wasu rabe-raben daga irin wannan ziyara suka faro.

Batun ci a Madina ya juya, ɗalibi ne ke ciyarwa. Ba a barin mahajjaci ya shigo da buhun gero, kuma masauki otal ne da kamfanin jigilar alhazai ya kama, ba ɗakin da uwa za ta ɗora tukunya. Kwana uku na shinkafa da kaza, tsofaffi sun fara tura kwano gefe. Ɗalibi ya san inda matan Hausawa mazauna can suke sayar da tuwo da miyar kuka, da fura, da koko da ƙosai. Waɗannan mata jikokin mutanen da suka tafi hajji da ƙafa ne ta Barno da Cadi da Sudan, wasu kuma zuwan baya-bayan nan ne, kuma su ne suka riƙe cikin alhazanmu shekara da shekaru. Shi kuma yaron yana da nasa burin: ya kai su su ci mandi ko kabsa, a zauna a ƙasa a kewaye faranti ɗaya da naman rago a tsakiya, ko ya bi dogon layin gidan abincin Al Baik ya kawo musu soyayyar kaza su ɗanɗana abin da suke ji a bakin alhazai. Sai kasuwar dabino, inda zai yi ciniki da Larabci a rage musu kuɗin ajwa. Sai sallaya da carbi da turare da jallabiyoyin jikoki, sai auna jaka, sai a zube a sake ɗaurewa saboda nauyi ya wuce ƙa'idar jirgi.

Wa ke biyan motar ziyara? Wa ke biyan farantin mandi? Nan ne gizo ke saƙa. A ƙauye an ɗauka duk wanda ke Saudiyya riyal yake shara. Alhali alawus ɗin ɗalibi an auna shi ne da cikin mutum ɗaya da littattafansa, kuma takardar zamansa ta karatu ce, ba ta aiki ba. Kunya ba ta barinsa ya ce wa ƙanin mahaifinsa, "Kawu, kawo kuɗin mota." Sai ya ci bashi wurin abokai, ya yi wata biyu yana biya, ya rage cin nama, ya fasa sayen littafin da ya daɗe yana so. Kuma ba iyayensa kaɗai ba ne. Duk wanda zai tashi daga Tsauni, ko Kurni, ko Yawuri, ko Dungu, an rubuta masa lambar wayar yaron a takarda an ce, idan ka je ka nemi ɗan wane. Da hajji ne kawai, da sauƙi, sau ɗaya ne a shekara, har ma hukumomin alhazai kan ɗauki wasu ɗalibai aikin wucin gadi su sami ɗan abin hannu. Umra kuwa kusan duk tsawon shekara ake yin ta, ba ruwanta da lokacin jarrabawa. Yaron da aka san shi da kirki, kirkin nasa ne zai cinye karatunsa, domin ba ya iya cewa a'a. Addinin da ya umarce mu da karrama baƙo, shi ne kuma ya ƙayyade liyafa da kwana uku, ya hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida. Rabin farko kowa ya haddace shi. Rabin na biyu ne ya kamata malaman da ke bitar alhazai a Matamai su riƙa tunatarwa.

To, idan aka ɗora su a sikeli fa? Ziyarar Madina ta fi girma a zuciya, babu gardama. Sau ɗaya ce a rayuwa ga yawancin mutane, kuma uban da ya dawo zai yi ta ba da labarinta a majalisa har ƙarshen ransa. Amma idan aka duba da kyau, amfaninta ga baƙo ya fi yawa. Ya sami jagora, ya sami tafinta, ya sami abin alfahari. Ɗalibi ya sami albarkar iyaye, wadda ba ta da farashi, sai dai ya biya da lokacinsa da aljihunsa, kuma sau da yawa baƙin suna komawa ba su ga ɗakin da yake kwana ba, ba su san ko yana cin jarrabawa ko yana faɗuwa ba. Sun ga jallabiya fara da Larabci a baki, sun ɗauka komai lafiya.

Ziyarar Kano ba ta da wannan kwarjini. Babu wanda ke dawowa daga Ɗanbare a tare shi da guɗa. Amma ita ce ke iya taɓa rayuwar yaron ta yau da gobe. Ita ke cika masa tukunya. Ita ke gano cewa ya yi wata guda bai shiga aji ba, ko ya faɗa hannun abokan banza, ko kuɗin makaranta ya ƙaru yana jin nauyin faɗa. A 2022, da malaman jami'o'in gwamnatin Nijeriya suka yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, iyayen da suka saba leƙawa sun san halin da ake ciki, sun san ko su kira yaro gida ya kama noma ko su bar shi ya koyi sana'a a birni. Ɗalibin Nijar a Kano yana da wahalar da ba a gani daga nesa: ya taso da Faransanci ko Larabci, ga shi dole ya rubuta jarrabawa da Turanci, ga kuɗin da ake caji ɗan ƙasar waje. Hausar da yake ji a titi tana ɓoye cewa a cikin aji shi baƙo ne.

Iyayenmu na da sun fi mu iya wannan ziyara. Wanda ya kai ɗansa karatun allo gabas, idan ya tashi duba shi, wurin malam yake fara sauka. Ya ajiye ɗan hatsin da ya kawo, ya gaisa, ya tambaya ina yaron ya kai, izu nawa ya yi, yaya halinsa. Ba ya jin cewa makarantar ta fi ƙarfinsa. Yau kuwa manomi ya zo har ƙofar jami'a ya tsaya a waje, yana ganin wurin na ƴan boko ne, kada ya ba ɗansa kunya da tsohuwar rigarsa. Wasu ɗaliban ma, abin takaici, su ne ke kauce wa shigar da iyayensu. Alhali malaman Jami'ar Bayero da yawa Hausawa ne, ƴaƴan manoma ne su ma, kuma da wuya a sami wanda zai ƙi amsa sallamar dattijon da ya taso daga Nijar don ya tambayi karatun ɗansa. Yaron da malaminsa ya ga fuskar ubansa ya daina zama lamba a takarda.

Abin da ya fi sa ni fifita Kano shi ne ƴaƴa mata. A Nijar kimanin kashi 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin shekara 18, kuma jihohin Damagaram da Maraɗi suna cikin waɗanda abin ya fi yawa. Yarinyar da ta tsallake wannan, ta sami bakaloriya, ta ce tana son karatun jinya ko ungozoma ko malanta a waje, abin da zai yanke hukunci shi ne ko iyaye za su iya zuwa su gani da idonsu. Jami'ar Madina da ɗalibai maza aka san ta. Kano da Katsina da Zariya ne ake iya amincewa da su, don uwa tana iya hawa mota ta je ba tare da sanarwa ba. Idan ta je ta ga ɗakin kwanan ƴan mata da katanga da mai gadi, ta ga masallaci, ta ga ƴarta da hijabinta da littattafanta, ta dawo ta faɗa a gidan suna da bakin rijiya, maganarta ta fi ta kowane jami'in wayar da kai tasiri. Gani ya kori ji. Ziyara ɗaya irin wannan tana iya buɗe wa ƙannai uku hanya, ta kuma rufe bakin masu cewa duk wadda ta tafi jami'a ta lalace.

Saboda haka ina roƙon iyaye a Tsauni da kewaye abu biyu. Wanda Allah ya kira shi Madina, ya ware kuɗin motar ziyara da na abinci tun daga gida, ya damƙa wa yaron a hannu ba sai ya tambaya ba, ya fara jin ko yana da jarrabawa kafin ya ce a fita, kada kuma ya raba lambar wayarsa ga duk mai tafiya sai da izininsa. Wanda nasa ke Kano, kada ya jira sai bikin wata ko ciwon wani ya kai shi. Bayan girbin bana ya ware kwana biyu na yaron kaɗai, ya bar Kantin Kwari sai wani zuwan, ya shiga makarantar ya gaisa da malami ko da ɗaya ne, kuma ya tafi da ƙanwar ɗalibin ta ga wurin da idonta.